Hadarin Gabas da Rufin Kwano: Abin da Gyadi-Gyadi da Tarauni Za Su Ɗauka daga Mafarautan Guguwa

Tsakure

A Amurka akwai masu bin hadari da mota, suna neman inda mahaukaciyar guguwar nan mai jujjuyawa, wato tonado, za ta sauka. Bidiyonsu ya cika wayoyin matasanmu, har wasu na tambayar ko za a iya irin wannan a Kano. Maƙalar nan ta ɗauki Gyadi-Gyadi da Tarauni ta auna tambayar da su. Matsayarta ita ce hadarin ƙasar Hausa ba a bin sa, tarar sa ake yi. Abin da ya dace mu ara daga mafarautan abu biyu ne da ba su cika fitowa a bidiyo ba: mutum a ƙasa da zai kai rahoto kafin iska ta iso, da bin sawun ɓarna bayan ta wuce.

Gabatarwa



Duk shekara idan damina ta kawo jiki, maganar da ke cika gidajen rediyon Kano ta ambaliya ce: a yashe kwatoci, a daina zuba shara a magudanai, wanda ya yi gini a kan hanyar ruwa ya kuka da kansa. Magana ce da ta dace, kuma duk wanda ya san abin da ɓallewar madatsar ruwa ta Bagauda ta jawo a Agustan 1988 ba zai raina ta ba. Sai dai akwai ɓarnar da ke riga ruwan isowa. Kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa, iska ta gama yaye kwano, ta karyo reshen darbejiya a kan wayar wuta, ta kwantar da allon talla a gefen titi. Ruwan sama ana auna shi a Kano tun 1905. Iskar da ta ɗauke rufin wata Islamiyya a lungu kuwa, iyakar tarihinta a ce "jiya an sha iska", a jajanta wa juna, a kira kafinta.

Na zaɓi waɗannan unguwanni ne saboda matsayinsu. Suna kudu maso gabashin tsohon birni, a wajen ganuwa, ɓangaren da hadari ke fara taɓawa idan ya gangamo. Titin Maiduguri ya shigo ta nan daga Wudil, ya biyo ta Mariri da Hotoro. Titin Zariya ya ratsa ta gaban Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A wannan yanki akwai kusan kowane irin rufi da ake yi a birni: benaye masu dogon kwano, rukunin gidajen Kundila, gidajen haya na lunguna da aka yi ta ƙara musu ɗaki bayan ɗaki, rumfunan kasuwar Tarauni da na tashar Unguwa Uku. Ma'aunin iska na hukuma yana filin jirgin sama, can arewacin gari, alhali iskar hadari takan yi kaca-kaca da layi guda ta bar na bayansa lafiya lau.

Farautar hadari a inda ta samo asali

Amurka ta fi kowace ƙasa yawan tonado, sama da 1,000 a shekara, akasari a shimfiɗaɗɗen filin tsakiyar ƙasar, su Tekzas da Okalahoma da Kansas. Iska mai ɗumi da laima takan taso daga tekun Meziko, busasshiya ta gangaro daga duwatsun yamma, mai sanyi ta sauko daga Kanada. Inda suka haɗu sai a sami hadari guda tilo wanda cikinsa ke juyawa, ya yi sa'o'i yana tafiya shi kaɗai. Irin wannan ne ake iya bi, domin yana da gefe: mutum na iya tsayawa nesa da shi a busasshiyar ƙasa yana kallon gindinsa. Ga kuma tituna a miƙe, gabas da yamma, kudu da arewa, duk inda ka juya da hanyar gudu.

David Hoadley ya fara wannan bi tun 1956 don sha'awar kansa. Ilimi ya shigo ciki sosai a ranar 24 ga Mayu, 1973, lokacin da masu bincike suka bi tonadon garin Union City a Okalahoma tun daga saukarta har mutuwarta, na'urar rada kuma tana karanta hadarin a daidai lokacin. Da aka haɗa abin da ido ya gani da abin da na'ura ta nuna, sai aka gane cewa juyawar na bayyana a sama kafin ta taɓa ƙasa. Gargaɗin da ake bayarwa a yau daga nan ya samo tushe. Shirin VORTEX na 1994 zuwa 1995 da na biyunsa a 2009 zuwa 2010 sun ɗora a kai. Fim ɗin Twister na 1996 kuma ya jawo 'yan kallo, har cunkoson motoci ya zama barazana ta daban. A ranar 31 ga Mayu, 2013, tonadon El Reno, wadda faɗinta ya kai kilomita 4.2, ta sauya hanya ba zato ta hallaka Tim Samaras, ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sani da taka-tsantsan a wannan aiki, tare da ɗansa Paul da abokin aikinsa Carl Young.

A ganina, waɗanda suka fi ceton rayuka a can su ne waɗanda ba a ɗaukar fim a kansu. Tun shekarun 1970 hukumar yanayin Amurka ke horar da masu sa kai a shirin SKYWARN: manoma, 'yan kwana-kwana, malaman makaranta. Ba sa bin komai. Kowa yana garinsu, ya san abin da zai duba a gajimare, ya san lambar da zai kira.

Irin hadarin da ke zo mana

Wanda ya taɓa tsayawa a mahaɗar Court Road da titin Zariya da yammacin wata ranar Mayu ko Yuni ya san tsarin abin. Gari ya yi zafi, iska ta ɗauke cak, riga ta manne da jiki. Sai gabas ta haɗe baƙi ƙirin, ƙasanta ya yi ja-ja. Mai tireda ya fara sauke kayan da ya rataye, mai shayi ya kife kofuna ya danne ledar burodi da dutse, 'yan adaidaita sahu su saki labule suna haramar gida, a cikin gidaje ana ta ƙwala wa yara kira su kwashe shanya. Sai wani sanyi ya bugo fuska, ledoji su tashi sama, ƙura ta rufe titi har mota ta kunna fitila, kwano ya fara kuka. Wannan ba ya wuce minti 10 zuwa 15. Daga nan ruwa ya kece da tsawa na wajen rabin awa ko fiye, sannan ya koma yayyafi mai daɗewa da rugugi daga nesa.

Wannan jeri na iska, ruwa mai ƙarfi, sannan yayyafi, shi ne siffar abin da zan kira sahun hadari: gizagizai masu tsawa da suka jeru daga arewa zuwa kudu, tsawon ɗaruruwan kilomita, suna tafiya yamma tare da gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa. Hamilton da Archbold sun bayyana su tun 1945 a nazarinsu kan yanayin Nijeriya, kuma shirin AMMA, wanda ya kafa na'urori a Yamai a 2006, ya zurfafa sanin su. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ruwan Sahel daga irin waɗannan manyan hadura yake zuwa. Wato abin da ke yaye mana rufi shi ne dai ke nunar mana da gero.

Dalilin zuwansa daga gabas yana sama. A ƙasa, iskar damina mai laima tana busowa daga kudu maso yamma, daga tekun Atalantika. A tsayin kilomita 3 zuwa 4 kuwa akwai wata iska mai gudu da ke tahowa daga gabas, wadda bambancin zafi tsakanin Sahara da dazuzzukan kudu ke haifarwa. Ita ke ja da hadarin yamma. A wannan tsayi iskar busasshiya ce. Idan ruwa ya faɗo ta cikinta sai wani sashe ya ƙafe, iskar ta yi sanyi ta yi nauyi, ta rufto ƙasa ta bazu, kamar ruwan da aka sheƙa daga bokiti a kan daɓe. Bakin wannan sanyayyar iska shi ne ke ɗaga ƙurar da muke gani, shi ne kuma ke cusa iska mai zafi ta gabansa sama ta zama sabon gajimare, hadarin ya yi ta sabunta kansa har tsakar dare. Shi ya sa iskar farkon damina da ta ƙarshenta suka fi ta marka muni: a Agusta sama duk laima ce, ruwa ba ya ƙafewa sosai a hanya.

Abu mai tsawon ɗaruruwan kilomita ba shi da gefen da za a raɓe. Wanda ya ɗauki mota daga Gyadi-Gyadi ya nufi Wudil don ya "bi hadari", cikinsa zai shiga, a kan titi mai tireloli, cikin ƙurar da ba a ganin gaba. Kada matashi ya gwada.

Tonado fa? Ba ta kasance ta Amurka kaɗai ba; wadda ta fi kowace kisa a tarihi a Bangaladash aka yi ta, ranar 26 ga Afrilu, 1989, inda wajen mutum 1,300 suka rasu, kuma Afirka ta Kudu na ganin ta lokaci-lokaci. Amma tana son gajimare mai ƙasa-ƙasa da iska mai murɗawa dab da ƙasa, a nan kuwa gindin gajimare yana da nisa, yanayin kuma ya fi haifar da sahu da ruftowar iska. Guguwar da muka saba gani da tsakar ranar bazara, wadda ake hana yara shiga cikinta, daga zafin ƙasa take tashi, ba ruwanta da hadari.

Ranar 24 ga Yuni, 1956

Kano na da suna a tarihin wannan ilimi, ko da yake kaɗan daga cikinmu suka sani. Da yammacin ranar 24 ga Yuni, 1956, jirgin kamfanin BOAC samfurin Argonaut, mai inji huɗu, da ya taso daga Legas zai tafi Landan ta Libiya, ya tashi daga filin jirgin Kano ana cikin hadari. Bai yi nisa da ƙasa ba iska ta juya masa: wadda yake fuskanta ta koma tana bin bayansa, gudunsa ya faɗi, ya yi ƙasa ya bugi bishiya. Cikin mutum 45 da ke ciki, 32 suka rasu. Masu binciken lokacin sun rubuta cewa wani ƙaramin hadari da ba a yi tsammani ba ne ya juya iskar farat ɗaya, amma ba su da cikakken bayanin yadda hakan ke faruwa.

Bayanin ya zo ne bayan shekara 19. A ranar 24 ga Yuni, 1975, rana ɗaya da ta Kano a kalanda, jirgin Eastern Air Lines ya faɗi yana ƙoƙarin sauka a Niyok. Tetsuya Fujita na Jami'ar Shikago, wanda ya ƙirƙiro ma'aunin ƙarfin tonado a 1971, ya nazarci hatsarin ya nuna cewa akwai iskar da ke ruftowa daga gajimare a wuri ƙarami, faɗinta bai kai kilomita 4 ba, ta yi 'yan mintoci ta wuce. A yau ana lissafa hatsarin Kano cikin na farko-farko da aka danganta da ita. Mun sake ɗanɗana ɗacinta a ranar 29 ga Oktoba, 2006, lokacin da jirgin ADC mai zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja cikin hadari, mutum 96 suka rasu, ciki har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, Allah Ya jiƙan su.

Abin lura ga maƙalar nan shi ne yadda Fujita ya fara zargin akwai irin wannan iska. Ya saba bin sawun ɓarna, yana duba yadda bishiyoyi da amfanin gona suka kwanta, har ya ga wuraren da suka kwanta a bazuwa daga tsakiya guda maimakon a murɗe. Wannan aiki ne da ba ya buƙatar rada.

Abin da rufi ke faɗa

Magabatanmu ba su san wannan damuwa kamar yadda muka san ta ba. Soron ƙasa, da azara da laka da rawaninsa, nauyi gare shi. Iska ba ta ɗaga shi. Abokin gabarsa ruwa ne, shi ya sa ake yaɓe da gyaran indararo kafin damina. Kwano ya raba mu da yaɓen shekara-shekara, ya haɗa mu da iska.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙarfin da iska ke yi a kan abu yana ninkuwa huɗu idan gudunta ya ninku biyu. Iska mai gudun kilomita 100 a awa tana da ƙarfin da ya kai wajen kilo 45 a kan kowace murabba'in mita, kuma a kan rufi ba dannawa take yi ba, tsotsa take yi sama, musamman a kusurwoyi da baki. Rufi mai murabba'in mita 100 na iya fuskantar jan da ya kai tan uku ko huɗu. Idan kuma ƙofa ko taga ta gabas ta buɗe, iskar da ta shiga ɗaki ta tura silin daga ƙasa, ƙarfin ya haɗu biyu. Me ke riƙe da wannan? Ƙusar kwano a jikin tubai-tu, tubai-tu a jikin rafta, rafta a jikin katakon da aka shimfiɗa kan bango, shi kuma wannan katako wani sa'in da rodi aka ɗaure shi a cikin kankare, wani sa'in 'yar waya ce aka zagaya a bulon ƙarshe. Ka tambayi kafinta me ya sa, zai ce maigida ne ya ce a yi maneji.

Washegarin iska, rufin da ya tashi yana faɗin inda aka yi manejin. Idan kwano ya tafi katako na nan, da ramukan ƙusa a yage, to ƙusar ce ta yi kaɗan ko kwanon ya cika sirantaka. Idan kwano ya tafi da tubai-tu a manne, haɗin katako da katako ne ya saki, sau da yawa saboda ɗanyen katako ko cin gara. Idan kuwa rufin ya tashi gaba ɗaya ya sauka a gidan maƙwabci, da layin bulo guda a jikinsa, ba a ɗaure shi da ginin ba tun farko. Kowanne da maganinsa, kuma duk sun fi sabon rufi araha. Duwatsu da tsofaffin tayoyi da bulo da muke ɗorawa a kan kwano suna taimakawa a ƙaramar iska. A babba kuwa tare da kwanon suke tashi su faɗa kan mutane. Yanzu ga farantan sola da tankunan ruwa sun ƙaru a saman gidaje, da yawa ba a ɗaure su yadda ya kamata ba.

Haka kuma kwanciyar tarkace ke raba gardamar tonado. Idan falwayoyi da rassa da kwano duk sun nufi yamma, iskar bakin sahu ce. Idan sun bazu daga wuri guda, ruftowa ce. Idan ɓarnar siririya ce mai tsawo, abubuwa sun kwanta suna fuskantar juna, to a nan ne za a fara maganar juyawa. Amma sai an duba kafin a share, domin zuwa azahar 'yan gwangwan sun kwashe kwanon, masu itace sun sare reshen. Ma'aunin Fujita da aka sabunta a 2007 yana dogara da nau'in gini da bishiya 28, duk na Amurka. Kanada da Japan sun gyara shi ya dace da gininsu. Mu ma sai mun yi namu, da rumfar kasuwa da ajin firamare da darbejiya da falwayar kankare.

Batun na da gaggawa. Binciken da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna cewa hadura mafiya tsanani a Sahel sun ninka uku tun daga 1982, kuma sun danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara.

Tarar hadari

Tafiyar hadarinmu a hanya sananniya ita ce babbar damarmu. Daga Wudil zuwa Kano kimanin kilomita 40 ne. Hadarin da ya buga Wudil yana da wajen minti 40 zuwa 50 kafin ya iso Tarauni. Daga Dutse, kusan awa biyu. Gargaɗin tonado a Amurka, da duk na'urorinsu, a matsakaici bai cika kai kwatan awa ba. Minti 40 sun isa a rufe tagogin gabas, a sauke rumfa, a kawar da mota daga gindin bishiya, a hana 'yan Islamiyya fitowa hanya, leburori su sauko daga kan bene.

Rabin aikin yana nan a shirye. Taurarin ɗan'adam na Meteosat na ɗaukar hoton Afirka aƙalla duk minti 15, wanda aka harba a Disambar 2022 kuma yana ganin walƙiya kai tsaye. Hukumar yanayin Nijeriya, NiMet, ta shiga shirin SWIFT da Jami'ar Leeds ta jagoranta daga 2017, wanda ya horar da ma'aikata hasashen sa'o'i kaɗan masu zuwa. Sai dai tauraro saman gajimare yake gani, ba ya jin iskar da ke ƙasa. Wannan giɓi mutum ne zai cike shi: direba a tashar Wudil, malamin makaranta a Gaya, mai gadi a Gezawa ko Ringim, wanda aka koya wa ya faɗi abu uku, lokacin da iska ta buga, daga ina, da abin da ta karya. Daga nan saƙo ya je wa jami'in hasashe, ya tantance, ya miƙa wa gidajen rediyo da zaurukan WhatsApp na masu unguwanni da shugabannin kasuwa, da Hausa, a jimla biyu.

Tsarin yana da iyaka. Wani hadarin a kan gari yake haɗuwa, kamar wanda ya kayar da jirgin 1956, babu mai ganin sa daga Wudil. Wani kuma zai mutu a hanya, mutane su ce an tayar musu da hankali a banza. Idan aka yawaita haka za su daina saurare, don haka dole a riƙa rubuta sau nawa aka dace da sau nawa aka kuskure. Masu ganin cewa hasashe shiga gaibu ne kuwa, sai a tuna musu cewa faɗin hadarin da ke Wudil yanzu labari ne na abin da ido ya gani. Manomi ma yana duba gabas kafin ya shanya hatsi, kuma ba wanda ya ce ya yi saɓo.

Roƙona kaɗan ne. Sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil su haɗa hannu, tunda ɗaya na bakin hanyar hadari ɗaya na inda yake sauka, su kafa ma'aunin iska a Wudil da Mariri da Gyadi-Gyadi. Ɗalibai su fita da waya da takarda da safiyar duk ranar da aka kwana da iska, su bi mazaɓun Tarauni layi-layi kafin a share. Ƙaramar hukumar Tarauni kuma ta zauna da ƙungiyoyin kafintoci da magina a kan ɗaurin rufi, a fara da makarantu da asibitocin sha-ka-tafi, a gama kafin watan Mayu.